Gyaɗar Ƙasan Sito

"Ɗago mai kai, Rukayya, ko ruwan ya wuce," in ji Inno.

Matar Mu'azu ta ɗago, ruwan bai wuce ba. Mu'azu, maƙwabcin da Inno ta goya tun yana jinjiri, yana kwance a tabarma, ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi ruwan ɗorawa.

Inno ce ta raka su asibiti a Sakkwato, da kunnenta ta ji likita ya ce ciwon dajin hanta ne. Wai a kowace ƙwayar jiki akwai mai tsaro, irin mai kula da ƙofar ruwa a madatsar Goronyo. Shi ke buɗe umarnin da mutum ya gada, shi ke rufewa, ya ce wa tsoka ta tsaya haka nan. Dafin funfuna kan nakasa shi, sai tsiro ya yi ta yaɗo ba mai tsawatarwa. Daga nan ya tambaya ko suna cin gyaɗa mai funfuna.

Ina fa ba su ci ba! Tun yana saurayi Mu'azu ke dako a siton Alhaji Zayyanu a kasuwar Wurno. Gyaɗa mai kyau ta hau mota, ta ƙasan sito wadda laima ta taɓa kuwa Alhaji ya ce 'yan dako su kwashe, wai alheri. Likita bai rantse cewa ita ce ba. Inno kam ta rantse.

Da hantsi Mu'azu ya cika. Inno ba ta yi kuka ba, zuciyarta tafasa take yi.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo yana ƙamshin turare, aka ba shi tsakiyar tabarma. Inno ta ratsa maza, tsohuwa ba ta da shamaki, ta dire masa faifai. Gyaɗa ce, duk ta yi kore-kore.

"Wanga hwa, Inno, na mi na?"

"Gujiyakka ta, Alhaji. Alherin da kaka ba shi. Ya bar saura. Bisimilla."

Liman ya yi gyaran murya. "Inno, kwana na yaƙ ƙare. A yi haƙuri."

"Na sani, Malam. Baƙo nika ba abinci." Ta tsare Alhaji da ido. "In ba ta da komi, ci ko ƙwara guda."

'Yan dako na jikin katanga suna kallo. Alhaji ya ɗauki ƙwara ɗaya, ya jujjuya ta, gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula. Liman ya yi sauri ya ja fatiha.

Kowa ya buɗe tafukansa. Hannun Alhaji ɗaya na kan gwiwa, a dunƙule, ƙwarar na ciki.