Minti Biyar na Mama Lucia

Shekara goma sha ɗaya Malam Ilyasu yana riƙe da ƙararrawar nan, kuma wallahi ta ishe shi. Aikinsa a kwamitin gyaran tsarin mulki bai wuce haka ba: duk wanda ya tashi magana a zaman jin ra'ayin jama'a minti biyar gare shi, suna cika sai Ilyasu ya kaɗa. Mutumin da ya karanci shari'a a Zariya fa! Zagaye na uku ke nan yana gani. Duk bayan zaɓe sai a kafa sabon kwamiti, a kama zauren otal, a ɗinko jakunkuna masu tambari, a yi ta maganar rage wa gwamnatin tarayya iko a miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi. Wani zaɓen na ƙaratowa sai a kwashi takardun a kai wani sito a Idu, ɓeraye su ci gaba da nazari.

Bana kuɗin mai ya zauna, zauren ya ninka na da, sanyin na'ura har sa mutum atishawa yake. Ilyasu dai Disamba yake jira ya yi ritaya, abu ɗaya ne kawai ya rage masa a zuci, shi ne Mama Lucia.

Tsohuwa ce mai ginin tukwane a Ushafa, wani gari a yankin Abuja. Sau biyu tana zuwa a zagayen baya ba a kira ta ba. Na farko babu sunanta a jeri, na biyu lokaci ya ƙure. A matakalar otal ya tsince ta wancan karon, da takardarta a cikin leda, ya ji abin da ke tafe da ita. Akwai ramin yumɓu da matan garinsu ke haƙa tun zamanin kakarta. Wata safiya suka tarar an kafa duwatsun awo a kewaye da shi, wai wani a wani ofis cikin gari, wanda ko hanyar Ushafa bai sani ba, ya sa hannu an ba masu gina rukunin gidaje. Wa za su kai wa kuka? Mutanen Abuja ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha. Abin da take so ta faɗa ke nan: a ba su shugaba da majalisar da za su zaɓa da hannunsu, maganar ƙasarsu ta dawo kusa da su. Yanzu kuma an ce damina na wucewa katafila za ta shiga ramin.

Don haka bana Ilyasu ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya cusa sunanta a lamba bakwai da bironsa. Kafin a fara ya ja ta gefe a baranda.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Minti biyar ne, ba ƙari. Kada ki tsaya gaisuwa. Ki ce all protocols observed, shi ke nan kin gaishe su duka, sai ki faɗa kan maganar rami."

"Duka? Da kalma uku?" Ta riƙe haɓa. "Ɗana, ko maƙwabcin da kuka yi faɗa ba a gaishe shi haka."

"Haka ake yi a nan, Mama. Don Allah."

Ta maimaita Turancin sau biyu, ya fito mata daidai. Ta ce ta ji.

Lamba shida wani farfesa ne, ya zo da littafi guda kan a koma tsarin firaminista irin na jamhuriya ta farko, wai shi ne zai kawo mulki kusa da talaka. Minti ashirin da biyu ya ci. Sau uku Ilyasu na kaɗawa, sau uku ciyaman na ɗaga masa hannu ya bari. Farfesa na zama sai ga Oga Edward, sakataren kwamiti, ya sunkuyo kunnensa.

"Daga yanzu strictly five minutes, Ilyasu. Jirgin ciyaman ƙarfe huɗu ne."

Aka kira Mama Lucia. Ta tako a hankali da zaninta na zuwa coci, ta tsaya gaban makirfo, ta ɗaga kai ta ga manya goma sha biyu jere a babban tebur, wasu da furfura, wasu sa'annin ƙannenta. Ilyasu na kallo ya ga bakinta ya motsa kamar za ta yi Turancin nan. Ina! Tarbiyyar shekara saba'in ba ta fita da darasin baranda. Sai ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ciyaman, ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali, ya yara? An zo lafiya?"

Ciyaman ya ajiye wayarsa, ya washe baki. Tun safe ake jifansa da sashe kaza, ƙaramin sashe kaza, ba wanda ya tambaye shi gida. Ya amsa da "Lafiya lau, Mama" har da dafa ƙirji. Ta juya kan na kusa da shi. Shi ma ya amsa, wanda ba ya jin Hausa aka fassara masa, zaure ya ɗauki dariya mai daɗi. Na biyar ya shigo da sanda, sai da ta tsaya ta tambaye shi ƙafa, ta ce ya riƙa gasa ta da ruwan zafi.

Ilyasu ya dubi agogo. Minti uku, tana kan na shida. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga mata yatsu biyu, ko kallonsa ba ta yi ba. Haushi ya kama shi, tausayi ya danne haushin. Minti biyar suka cika tana kan na goma.

Oga Edward ya zuba masa ido. Ilyasu ya sa yatsa ya riƙe harshen ƙararrawar, ya kafa idonsa a kan tebur kamar mai neman allura. Minti shida. Edward ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa. Minti bakwai, ta gama da na goma sha biyu, ta miƙe, ta warware ledar, ta ja numfashi.

"To, abin da ya kawo ni, ramin yumɓu namu na Ushafa..."

Ciyaman ya riga ya miƙe tsaye yana tafi. "Kun ga tarbiyya! Wannan ita ce uwa! Mama, mun gode, mun gode ƙwarai. Sakatare, a karɓi takardarta." Zaure ya ɗauki tafi, aka kashe makirfo, mai hoto ya ja ta tsakiyar manya aka ɗauka. Kafin ka ce kwabo babban tebur ya zama wayam, sai robobin ruwa. Edward ya wuce ta gefen Ilyasu ya ce ya same shi a ofis ranar Litinin, Ilyasu kuwa ko a jikinsa.

A waje ya same ta zaune kan wani dakali a inuwar wata bishiya, ta cire takalmi tana murza ƙafa. Ya zo da niyyar yi mata faɗa, da ya ga fuskarta sai faɗan ya tsere. Murna take yi.

"Ka ga duk sun amsa mini? Mutanen kirki ne, ɗana. Yanzu an san juna. Gobe sai in zo in faɗa musu maganar."

"Mama, babu gobe. Yau aka rufe zama."

"To sai yaushe?"

Ya so ya yi mata ƙarya, gajiya ta hana shi ƙirƙira. "Sai bayan zaɓe, in an kafa wani kwamitin. Shekara uku, ko huɗu."

Ta daɗe tana kallon motocin da ke fita daga otal ɗin.

"Ramin ba zai kai ba," ta ce. "Ni ma ban sani ba ko zan kai."

 Ta matsa gefe ta share wa Ilyasu wuri a kan dakalin da tafin hannunta.

"To kai zauna ka ji. Wata biyu ina haddace jawabin nan, matan gari sun rako ni har tasha. Ba zan iya komawa da shi a ciki ba."

Ya tattare rigarsa ya zauna. Ba shi da ikon matsar da ko dutse ɗaya daga bakin ramin nan, ita ma ta san haka. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta fara daga farko.