Kwallin Idon Kifi

Tun da hantsi Usta Gaber, babban magini, yake hawa da sauka a kan katakon gini kamar wanda kiyashi ya shiga wa riga. Ya hau ya leƙa, ya sauko ya kurɓi shayi ya ce ya huce, ya sake hawa. Abin da ya rage a aikin kuwa bai taka kara ya karya ba, idon kifin ne kawai.

Kifin na bulo ne, ja da baƙi, tsaye a kan wutsiyarsa a shataletalen bakin kogin Nilu. Injiniya Nagat ce ta zana shi, magina suka jera bulo suka sassaƙa masa ɓawo, sannan aka kira Gaber ya sa kwalli, wato farin layin nan da ake ja tsakanin bulo da bulo har ya ɗan taso kamar igiya. A duk garin Rashid in ana maganar kwalli sunansa ake fara kira. Shi ma ya san da haka, har ya fi kowa sani.

Sai dai hannunsa na dama ya fara rawa. Bai gaya wa matarsa ba, balle Sobhi, abokinsa da ke yi masa kwaɓi tun suna samari. Tsoro yake ji ƙwarai, kada Nagat ta zo da la'asar ta ga da'irar ido a karkace, magana ta zaga gari cewa Usta ya ƙare.

"Sobhi! Wannan kwaɓi ne ko kunu?" ya kwaɗa kira daga sama. "Tun jiya abin ya ƙi kamawa."

"Jiya ka ce ya yi tauri, yau kunu," in ji Sobhi, ko ɗago kai bai yi daga kwanon kwaɓi ba. "Gobe sai ka ce kogin ne ya matso."

"Kai dai tsufa ya ci ka."

"Ni da kai ungozoma ɗaya ta wanke mu, tsoho. Ja layinka mu tafi mu ci abinci."

Gaber ya kwance ƙunshin ƙarafunansa, sirara, kowanne da faɗin bakinsa. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya goge a wando. Har ya ɗaga bindigar roba mai matso kwaɓi da Nagat ta kawo, wadda ya ce ta masu kwalliyar kek ce, ya juya ta ya mayar da sauri kada a gan shi. Ya ɗebo kwaɓi a bakin ƙarfe ya kai gefen ido. Ƙarfen ya yi ƙas-ƙas a jikin bulo, fari ya ɓata baƙi. Ya goge da babban yatsa, ya waiga. Sobhi na kallon kogi.

Ya ce iska ce. Don ya huta da ita sai ya zagaya ɗaya gefen kifin, inda ya yi aiki jiya. Akwai wani layi a ƙarƙashin kunnen kifin da ya hana shi sukuni tun da ya tashi, don ya san a murɗe ya bar shi.

Ya same shi sambal. Na kusa da shi ma haka.

Ya matso da fuskarsa. Ƙarfe yana barin sawu a kwalli, mai sana'a yana ganin inda aka faro da inda aka ɗaga hannu. Waɗannan layuka daga ɗaya gefen aka jawo su. Bahago ne ya bi su tun suna ɗanye, kuma bahago ɗaya ne a wannan aiki.

Gaber ya sauko da sauri har katako na lilo. Ya nufi Sobhi kai tsaye.

"Wa ya ba ka izinin taɓa layina?"

Sobhi ya ajiye cokalin gini. "Babu."

"Tun yaushe?"

"Tun aikin masallacin masunta. Kana zuwa salla, ina bi."

"Kwaɓin kuma?"

"Ni nake sassauta shi, don ya jira ka. In na yi irin na da, kafin ka daidaita hannu ya daskare."

Gaber ya dubi masu wucewa, ya dubi idon kifin da ke can sama babu kwalli. A hankali ya ce, "Wa ya sani?"

"Ni. Sai Ummu Wafa, matarka. Kana tsammani don rowa ta daina cika maka kofin shayi?"

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Ya zauna a kan buhun farar ƙasa, ya matse hannun tsakanin gwiwoyinsa, hannun bai daina ba.

"La'asar ta kusa, Abu Wafa," in ji Sobhi.

"To me kake jira? Hau mana. Ka faro daga sama, kada ka ɗaga hannu sai ka rufe da'irar. In ka karkace ta wallahi ni zan fara gaya wa gari."

Sobhi ya hau. Gaber ya jawo rariya, ya zuba garin farar ƙasa a ciki. Bai ma girgiza ba, rawar hannun ta sa garin ya fara sauka da kansa, laushi-laushi.

Sobhi ya leƙo daga sama. "Ka gani? Shekara da shekaru ina neman mai tankaɗe irin wannan."

Gaber bai ɗago ba. Ya juya wa titi baya, ya ci gaba da tankaɗe, hawaye na ɗiga a cikin garin.