Katako Mai Jan Alli

A da, a wurin yankan katako na Hajiya Nafisa da ke bakin hanyar Salka, ba katakon da zai hau mota sai an ɗora masa tef an auna shi. Mutum uku ke wannan aiki, rana ta faɗi ba su gama ba, direbobi na zaune a inuwa suna tsaki. Da Hajiya ta gaji, sai ta mai da biyu wajen lodi, ta bar Lukuman shi kaɗai.

"Ba sai ka auna duka ba," in ji ta. "Ka ɗauki kaɗan daga kowace shanya, daga nan da can. In sun yi daidai, sauran ma haka suke."

Aiki ya yi wa Lukuman sauƙi, har bayansa ya daina ciwo. Sai dai da sauran rina a kaba. Masu yanka biyu ne. Jacob yana yi wa katakonsa alama da shuɗin alli, Baba Zaidu kuma da ja. Shi kuwa Baba Zaidu shi ne mahaifin Shamsiyya, wadda Lukuman ke zuwa zance wurinta. Ina ya ga idon da zai ce wa surukinsa na gobe yankansa ya karkace? Don haka duk lokacin da ya miƙa hannu ya hango jan alli, sai hannun ya zame ya kama shuɗi. Awo kuwa kullum lafiya lau.

Ran nan wani kafinta daga Kaboji ya dawo da katako, ya ce kansu kauri, gindinsu kamar faifai. Hajiya ta juya su, ta ga ja, ta dubi Lukuman. Bai ɗaga kai ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kira Happiness, mai tallar dafaffiyar gyaɗa.

"Juya wa shanyar nan baya, ki watsa gyaɗa ta kanki. Duk katakon da ta faɗa wa, shi za a auna."

"Hajiya, gyaɗata ce za a zubar?"

"Na saya."

"To, Lukuman ba zai ci ba sai ya gama," in ji Happiness.

Ma'aikata suka taru suna dariya. Gyaɗa ba ta san surukin kowa ba. Ta faɗa kan shuɗi, ta faɗa kan ja. Lukuman ya durƙusa da tef, gumi na bin wuyansa. Shuɗayen suka fito daidai. Jajayen kuwa, kusan duk wanda ya taɓa sai ya tarar ya sirance ta gefe guda. Yana ji Baba Zaidu ya kashe inji, ya zo ya tsaya a kansa.

"Faɗi mana abin da ka gani," in ji Hajiya.

Lukuman ya tuna tabarmar ƙofar gidansu Shamsiyya, ya ga kamar ana naɗe ta.

"Baba, a yi haƙuri," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Naku ba su kai ba."

"Ɗaga murya, kunnena ya sha ƙarar inji."

"Naku ba su kai ba, Baba."

Tsohon ya tafa hannu, ya juya wajen Hajiya.

"Kin ji ko? Tun damina nake ce miki zarton nan rawa yake, ki sayo sabo. Kullum sai ki ce awo ya nuna lafiya. Har na fara zargin idona."

Hajiya ta kama baki. "Gobe za a sayo."

Baba Zaidu ya sunkuya, ya tsinci gyaɗa ɗaya a kan katakonsa, ya ɓare.

"Ashe kai ne ka hana ni sabon zarto da kunyarka."

"Na ji tsoro ne, Baba."

"Tsoron me? Wanda zai iya gaya mini gaskiya a gaban jama'a, zai iya gaya wa 'yata miya ta yi gishiri." Ya jefa gyaɗar a baki. "Wannan ma ta fi wuya. Ka turo manyanka bayan Juma'a."

Jacob ya yi guɗa irin ta mata, har da sa hannu a hanci. Happiness ta tura wa Lukuman farantin.

"Ci, ango. Gobe da safe zan zo in sake watsawa."