Hanya a Tsakiyar Kan Baba

Mijina mai aski ne, kuma hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Matsalarsa ɗaya ce, bai san a gama abu kafin a kama wani ba. Ina-zuwa ake ce masa a unguwa, domin ko ruwan sha ka roƙe shi sai ya ce "ina zuwa", ka same shi can yana ɗora wa wani sarƙar keke.

Da ya bar shagon ubangidansa zai buɗe nasa, mahaifina ya ara masa ɗakin da ke bakin titi a gaban gidansa. Amma da sharaɗi. Akwai wani mai sayar da taya da ya daɗe yana yi wa ɗakin zarya, Baba ya ce in bai ga alamar aiki ba, makulli na mai taya ne. Ni na yi ta roƙo har aka ba mu, don haka in abin ya lalace ni zan sha kunya a gidanmu.

Sai masu shawara suka yi masa caa. Abokinsa ya ce allon sunan shago shi ne kasuwa, ƙanwarsa ta ce yanzu sai da bidiyo a waya, ni na ce madubi da benci. Ya ba kowa gaskiya, ya kama duka lokaci guda. Ranar buɗewa rabin bango ne ya ga fenti, mai fenti na kan tsani a waje yana fama da allo, madubi na hanya. Soket ɗaya tal ne a ɗakin, fanka da waya da injin aski duk suna jiransa. Waya ya jona, saboda bidiyo.

Baba ne ya fara shigowa, ya cire hula ya zauna, ya ce a rage masa furfura zai je taron masu gidaje.

Akwai wata dabara da mijina ya koyo a tsohon shagonsu. In mutane suka yi yawa, sai a bi kowa a ja masa inji sau ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ta tsakiya. Wanda aka yi wa haka ba ya tashi ya tafi wani shago, ko da zai wuni. Hannunsa ya saba, bai ma yi tunani ba ya fitar wa Baba hanya shar a tsakiyar kai. Nan take mai fenti ya ƙwala kira, wai a zo a zaɓi ja ko shuɗi.

"Baba, ina zuwa."

Yana waje wani direba ya leƙo, ya ga ba kowa sai tsoho a zaune, zai juya. Mijina ya rugo ya zaunar da shi a benci, ya ja masa tasa hanyar. Tela maƙwabcinmu ya shigo taya murna kawai, kafin ya gama sallama shi ma an ja masa. Ana cikin haka masu madubi suka iso, suka ce sai ya fito ya riƙe musu gefe. Ya miƙo min waya ya ce in ɗauki jama'a, a ga shago ya cika. Na duba jama'ar. Manyan mutane a jere, kowa da titi a kansa, suna kallon juna. Raina ya ɓaci ƙwarai, dariya kuma ta taso min har wuya, na danne ta saboda Baba.

Da mijina ya dawo ya kunna inji, sai ya yi ɗan gurnani ya mutu. Ba caji. Ta taga na hango mai taya a tsallaken titi ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. 

Baba ya miƙe da ƙyallen aski a wuya, ya zare makulli daga jikin ƙofa. Na ce shi ke nan, mun tashi. Sai ya rufe ƙofar ta ciki, mai fenti da masu madubi suna waje. Ya karɓi wayar daga hannuna ya ajiye a kujera ya zauna a kanta, ya nuna wa mijina soket. Aka jona inji. Muka zauna cikin zafi muna jira, waya na ta ruri a ƙarƙashin Baba, ko gezau bai yi ba.

Da injin ya farfaɗo, Baba ya ce a fara da direba, kuma kada a ɗaga kai sai an gama. Mai fenti ya yi ta buga taga da gwangwani biyu a hannu, mijina ya buɗe baki, Baba ya yi gyaran murya, sai ya rufe bakinsa. Direba ya tashi fes, ya shafa kai ya ce zai kawo 'yan tasharsu. Tela ma aka gama masa, ya huce. Mijina ya kaɗe inji, ya matso gefen Baba a ladabce.

Baba ya ɗauki hularsa ya kifa a kan hanyar.

"Baba, ai ban ƙarasa ba."

"Na sani. Ina zuwa," in ji Baba. Ya ajiye makullin a kan tebur ya fita taronsa.

Bai taɓa dawowa an ƙarasa ba. Da suma ta fara rufe hanyar, sai ya sa ni in sake fitar masa da ita da almakashi. Kullum da safe yakan bi ta gaban shago, in ya hangi mijina da inji a hannu ɗaya, waya a ɗayan, sai ya tsaya a taga ya ɗaga hula kaɗan. Mijina ya ajiye waya ya koma kan da ke gabansa.