Akwatin da Auta Ta Kawo Shago

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu latse-latsen waya.

Ta zo mu ji ta, ga shi mun ajiye.

Wata dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya rasu ya bar wani dogon shago mai ƙofa ɗaya, 'ya'yanta maza biyu suna sana'a a ciki. Babban yana buga takardu da katuna a hannun dama, ƙanensa Mai Hoto yana hannun hagu da kyamarorinsa. Tsakiya kuwa kujerar Inna ce. Nan take wuni da carbinta, ido ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan.

To, a ƙarƙashin teburin da ke gabanta akwai wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu, tun na zamanin marigayi, duk wayoyin kwamfutocin shagon a jikinsa suke haɗuwa. Shi ya haɗa faɗan. Da zarar Mai Hoto ya fara kwashe bidiyo daga wannan kwamfuta zuwa waccan, aikin Babban ya tsaya cik. Ran nan kuma wani lauya na tsaye yana jiran takardunsa, sai firintar Babban ta kama amayo hotunan wata amarya tana turo baki. Ma'aikaciyar Mai Hoto ce ta ga firinta biyu a allonta, ta danna wadda ba tasu ba.

"Na gaji," in ji Babban. "A kira magini ya raba shagon nan. Kowa ya ja wayarsa, kowa ya fasa ƙofarsa."

"Ko yau, Yaya," in ji Mai Hoto. "Ni ma na san inda ake sayar da bulo."

Magini ya zo ya ja igiyar awo, sai ga ta ta ratsa daidai ƙafafun kujerar Inna. Inna ta bi igiyar da kallo. Ta dai san in bangon nan ya tashi, gaisuwa ma sai ta gagari 'ya'yanta. Ta ɗauki waya ta kira autarta, wadda aikinta ke nan, haɗa kwamfutocin ma'aikatu.

Auta ta iso da jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta kwashe da dariya.

"Inna, wannan ai ya girme ni. Hob ake ce masa."

"Shi ne me?"

"Kin tuna maƙwabciyarmu ta da, wadda in an ba ta saƙon mutum ɗaya sai ta bi ƙofa-ƙofa tana faɗa? To halinsu ɗaya. Duk abin da ya shige shi sai ya watsa wa kowa. In biyu suka yi magana lokaci guda kuma, maganar ta yi karo, dole duka su yi shiru su sake."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Inna, "ashe ta bar magaji."

Auta ta ciro wani sabon akwati mai ramuka a jere. "Wannan suwici ne. Yana gane wace kwamfuta ce a wane rami, saƙo ya tafi ga mai shi kaɗai. Bidiyon Yaya Ƙarami ya bi hanyarsa, takardun Yaya Babba su bi tasu."

"Ke da muka goya," in ji Babban, "yau ke za ki koya mana wayoyi? To amaryar da ke fitowa ta firintata fa?"

"Ita ma akwai maganinta, Yaya. A cikin akwatin nan zan raba muku ɗaki biyu. Ramukan nan naka, waɗannan nasa. Waya ba ta ƙaru ba, amma ɗakinka ba ya ganin nasa, nasa ba ya ganin naka. Mu bilan muke ce wa irin ɗakin."

Inna ta gyara zama tana kallon yatsun 'yarta suna gudu a kan kwamfuta, tana zare waya tana sokawa, ba ta tambayar kowa komai. Daɗi ya kama ta. Har wani mai jiran hoton fasfo ta taɓo, ta ce, "Autata ce fa."

Aka gwada. Mai Hoto ya saki bidiyo mafi nauyi da gangan, aikin Babban ko gezau. Ma'aikaciyar ta duba allonta, firinta ɗaya tal.

Sai murnar Mai Hoto ta koma ciki. Don kuwa manyan hotunan bango, waɗanda Mai Hoto ke alfahari da su, babu inda ake buga su sai a babbar firintar yayansa. Yanzu hanya ta toshe. Mai Hoto ya sunkuyar da kai yana goge gilashin kyamarar da ba ta da datti.

Auta ta ɗago. "Ni dai na rufe. In akwai inda za a buɗe, mai ɗaki ne zai faɗa."

Inna ta dubi Babban. Ta ci gaba da jan carbinta. Ya sosa ƙeya, ya yi gyaran murya.

"Waccan kwamfutar ta kusurwa, wadda Mai Hoto kaɗai ke taɓawa. Za ta iya shigowa wajena ba tare da an ɗaga ta ba?"

"Ko wayarta ba sai an taɓa ba."

"To shigo da ita. Amma kai Mai Hoto, in na sake ganin amarya a cikin takardun lauya, kai da kyamarar taka waje."

"Amaryar ma ta fi lauyan kyan gani," in ji Mai Hoto.

Auta ta latsa abin da za ta latsa, ta mayar da ramin kwamfutar kusurwar zuwa ɗakin Babban. Firinta ta yi ƙara ta fara turo hoton wani jariri mai kumatu, faɗin taga.

Magini ya naɗe igiyarsa, aka ba shi gyaran matakalar bakin ƙofa. Babban ya ci gaba da buga katunansa, Mai Hoto da hotunansa, suna tsokanar juna daga bango zuwa bango. Auta ta koma bakin aikinta, tsohon hob ɗin ta tafi da shi tana nuna wa masu koyon aiki a wajenta. Inna kuwa tana nan a kujerarta ta tsakiya.