Rinin Gashin Maigida

Da farin gashi aka haifi Tsuntsuwa, ɗan tsagi a gaban goshi kamar an shafa mata alli. Uwarta, wadda dangin miji ke kira Amarya har yau, ta san inda yarinyar ta samo shi. Ita ce ke zaunar da maigidanta a banɗaki ta rina masa nasa da tsohon buroshi, aikin da ta gada daga surukarta tun makon da ta tare. Kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Hoton auren surukar na nan rataye a falo: ango baƙin gashi sumul, a gefensa abokinsa Mai Kemis yana murmushi da farin tsagi a goshi.

Ranar walimar kammala karatun autan gidan, falon ya cika da kujerun haya. Goggo, ƙanwar marigayi mijin surukar, ta zauna a ƙarƙashin hoton, ta jawo Tsuntsuwa ta tallabe mata haɓa.

"Ikon Allah! Amarya, wannan fenti daga ina? Mu dai kaf zuri'armu babu. Ko a asibiti aka yi miki musanya?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Goggo, ba kya tsufa."

"Tambaya na yi. Kuma a danginta ma ban gani ba, na je bikin."

Tsuntsuwa ta sa hannu ta rufe goshinta. Shekarunta huɗu, amma ta san dariyar da ake yi da ita da wadda ake yi mata. Amarya ta nemi maigidan da ido. Gogan naka ya duƙufa kan fanka, wai gyara yake yi, fankar kuwa lafiyarta ƙalau.

Idan aka tashi a haka, maganar za ta bi yarinyar har makaranta. Amarya ta ɗauki tiren kofuna ta bi surukarta kicin, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Mama, kin ji abin da ake cewa a kan jikarki."

"Rabu da ita, bakinta ne haka."

"To. Ni dai rinin ɗanki ya ƙare, kuma hannuna ya gaji. Wata guda ya isa farin ya fito. Sai Goggo ta riƙa kallonsa tana kallon hoton da ke bango."

Surukar ta ajiye ludayi a hankali. Ta dubi Amarya kamar yau ta fara ganinta.

"Ke, ashe ba ki da kunya?"

"Ina da ita, Mama. 'Ya ce dai gare ni."

Tsohuwar ta gyara mayafi ta fita, ta ɗauki Tsuntsuwa ta ɗora a cinya, ta cire mata hannu daga goshi.

"Wa ke maganar gashin jikata? Na kakata ne ta wajen uwa, sak. Mace mai kyau, mai arziki, har daga nesa ake zuwa kallonta."

Goggo kuwa ba ta yarda a ce akwai abin da ta rasa sani a gidan nan.

"Af, wannan baiwar Allah!" in ji ta. "Ai na santa. Doguwa haka, ko?"

"Gajeriya," in ji surukar.