Sista Na Son Jin Sunan 'Yar Fari

Ranar Laraba Hadiyya ta dawo daga makaranta da takardar gargaɗi ta uku. Ta ajiye ta a gefen tabarmar uwarta, ta ja da baya ta durƙusa.

Sa'adiyya ta ɗauka, ta juya gaba ta juya baya. Ajami ta iya, boko kuwa ko harafi ɗaya.

"Ke, mi anka rubuta?"

"Wai rashin ladabi, Yaya. Wai a taho gobe da uwa ko uba. In ba a taho ba, a ba wata kujerata."

Rashin ladabi? Sa'adiyya ta saki baki. Wannan yarinyar da ko kaza ta ratsa gabanta sai ta kauce mata? Shekara biyu ke nan da suka baro Gatawa suka dawo Sabon Birni, kuma sai da suka yi wata bakwai suna jira kafin a sami gurbi a makarantar 'yan Katolika da ke bayan tasha. Yara arba'in ke kan layi, kowa na jiran wani ya zame. Ga maigida Ibrahima ya tafi Kurawa girbin gero, wayarsa ba ta shiga. Dole dai ita za ta.

Da hantsi suka isa. A ƙofar ofishin shugabar makaranta Sa'adiyya ta tuɓe takalmanta, Hadiyya ma ta tuɓe. Suka yi sallama, suka zube a ƙasa, kai a sunkuye.

"Yauwa! Ga shi nan!" in ji wata murya. "Ashe daga gida ne!"

Sista Filomina ce, doguwar mace mai farin lulluɓi da gilashi, Hausarta irin ta Jos. Ta nuna kujeru biyu. Sa'adiyya ta dubi kujerar, ta gyara zama a ƙasa.

Sista ta jawo wani ɗan littafi ta buɗe. "Doka ta huɗu, in malami ya shigo aji, ɗalibi ya miƙe tsaye. Kowa ya miƙe, ita sai ta zube ƙasa, har malamin lissafi ya ɗauka suma ta yi. Doka ta shida, in ana maka magana ka dubi fuskar mai magana. Tun da ta shigo makarantar nan ban san kalar idonta ba. Doka ta tara, takalmi da safa daga ƙararrawar safe har tashi. Duk ƙofar da ta isa sai ta cire. Shekaranjiya akuya ta tafi da safa ɗaya."

Sa'adiyya ta saurara, tana jiran a zo kan laifin. Sista ta rufe littafin.

"Shi ke nan?"

"Bai isa ba?"

"To ai... ranki ya daɗe, ni ban ji inda ta yi rashin ladabin ba."

"Yanzu fa na karanta miki!"

Kan Sa'adiyya ya ɗaure tam. Ta saci kallon yarinyar, ko akwai wani abin da aka ɓoye, zagi ko sata. Babu. Watau abin da ta kwashe shekara goma sha ɗaya tana dasawa, shi ne aka jera mata da lamba.

Sista ta ɗauko wata takarda da biro. "Bari mu cika takardar alkawari, mu wuce wurin. Ke ce uwarta?"

Sa'adiyya ta ƙara sunkuyawa. A gaban baƙuwa za ta buɗe baki ta ce ita ta haifi 'yar fari? "Ɗiyar gidanmu ce," ta ce a hankali.

Biron ya tsaya. "Mene ne sunanta?"

"Ai kun sani. Yana cikin littafinku."

"Ni na sani. Ke nake tambaya."

"Ita wagga dai."

Sista ta cire gilashi ta ajiye. Ta juya ga yarinyar. "Wace ce wannan?"

"Yaya ce."

"Yaya! Na ce uwa ko uba, kin kawo mini yayarki?"

Tun Hadiyya na rarrafe haka ta ji ƙannen uwarta suna kiranta, haka ta tashi tana faɗi. Kakarta ce take kira Inna.

"Kun ɗauka ban san wannan wasan ba?" Sista ta miƙe. "Watan jiya wani yaro ya ɗauko mini mai ƙosai daga tasha, wai uwarsa. Har kuka ta yi mini a nan. Da na tambayi sunansa sai ta ce Kamalu, alhali Marwan ne. Ita ma aƙalla ta yi ƙoƙari! Doka ta goma sha biyu, wanda ya kawo iyayen ƙarya, kora ce kai tsaye, ba gargaɗi."

"Wallahi ba a ɗauko ni ba."

"To faɗi sunan."

Tun ranar suna bakin Sa'adiyya bai taɓa furta shi ba. "Ke" take cewa, ko "wance". Uwarta ma har ta bar duniya ba ta kira babban wansu da sunansa ba, kuma duk Gatawa an san ta da wannan mutuncin. Ta waiga ƙofa ko akwai wani Bagobiri da zai yi wa matar nan bayani. Babu kowa, sai muryar yara daga aji suna maimaita lissafi.

Sista ta jawo babban littafin sunaye, ta lasa yatsa, ta fara buɗe shafi. Ta gano layin. Ta ɗora rula a kai, za ta soke sunan.

"Hadiyya."

Da ƙyar ya fito daga bakin Sa'adiyya, kamar tari. Sista ta ɗago.

"Hadiyyatullahi Ibrahima. Ranar Talata anka haife ta, da marka, ana tsawa. Tana da tabon ƙuna a bayan gwiwar hagu, kunun kanwa ne ya zube mata, kuma hannuna ne ya kuskure."

Hadiyya ta ɗago kai ba ta sani ba, ta ƙura wa uwarta ido. Sa'adiyya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Sista ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta leƙa bayan gwiwar, ga tabo. Ta koma kujera ta zauna a hankali.

"To mene ne abin kuka? Suna ne fa kawai na tambaya." Ta mayar da gilashinta. "Na faɗi wani abu ne?"

"A'a, ranki ya daɗe," in ji murya daga cikin mayafi.

Sista ta janye rular, ta turo takardar alkawari da tawadar dangwale. "Za ta zauna. Amma ki yi mini alkawari za ki taimaka mana a gida. Ta riƙa miƙewa, ta riƙa kallon mutane."

Sa'adiyya ta fito da babban yatsa ta ƙarƙashin mayafi, ta lalubo takardar ta dangwala.

"Na yi alkawari. Za ni koya mata rashin kunyar, da yardar Allah. Sai dai a rubuta muna daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ne, kada ta taho da shi gida ubanta ya gani."

Sista Filomina ta buɗe littafin dokoki ta duba har bangon baya, ba ta sami inda aka yi maganar hakan ba. Ta ɗauki biro ta rubuta a ƙasan takardar: bakwai da rabi zuwa ɗaya da rabi.